Minti Huɗun Hutun Talla

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rantse tun shafi na tara cewa Edita ce muguwar labarin nan, gyara zama.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Shekara ashirin da shida Anti tana gabatar da shirin Sauke Nauyi a gidan rediyo, inda mutum ke bugo waya ya faɗi abin da ke cin ransa ba a tambaye shi suna ba. Ranar Talata wani direba ya bugo ya ce idonsa ya fara dishi-dishi, yana ɓoyewa don kada a raba shi da aiki. Da aka tafi hutun talla, Anti ta ce ya faɗa mata inda yake aiki za ta haɗa shi da likita, babu mai jin su. Ya faɗa mata: motar ɗaukar yara yake ja, har sunan makarantar. Washegari hirar nan ta minti huɗu ta fito ɗungurungum a fodkas, wato shirin da gidan ya fara ɗorawa a intanet don masu saurare ta waya. Kafin a tashi yara, makarantar ta karɓe makullin mota.

Yau Alhamis.

*

Anti ba ta ko ajiye jaka ba ta tura ƙofar ɗakin injina. Injiniya na tsugune bayan tebur yana naɗe kebur, kamar babu abin da ya faru a gidan.

"Ina kwana, Anti."

"Ban kwana ba. Tashi ka kalle ni."

Ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Shekara nawa kana zaune bayan gilashin nan, ni ina can ciki?"

"Sha tara."

"A sha taran nan, sau nawa jar fitilar da ke nuna muna iska ta mutu amma maganata ta fita?"

"Ko sau ɗaya."

"To ranar Talata aljani ne ya zauna a kujerarka?"

Ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen riga. Anti ta san wannan gogewar, in yana neman lokaci ne yake yin ta.

"Wallahi a iska ba ta fita ba. Duk wanda ya kama rediyo tallan sabulu ya ji, da na maganin sauro. Da hannuna na sauke ki."

"Amma?"

"Amma na'urar fodkas ba daga iska take sha ba."

"Yi min dalla-dalla, ni ba injiniya ba ce."

"Da za a fara abin nan, Manaja ya ce masu waya ba sa jure talla, da sun ji sai su danna su wuce wani wajen. Ya ce in nemo layin da babu talla. Sai na jawo daga makirufonki da layin masu bugowa, kai tsaye. Fitila ta kama ko ta mutu, ita na'urar ɗauka take."

Anti ta laluba kujera ta zauna.

"Wato wata biyar ke nan, duk abin da na faɗa fitila a mace, akwai kunnen da ke ji."

"Edita ke yankewa kafin ta ɗora. Aikinta ke nan."

"Ba ka taɓa gaya min ba."

"Na ɗauka kin sani."

"Ka ɗauka."

Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin nan ya san tarinta kafin ta yi. In muryarta za ta karye a tsakiyar shiri, shi ke sako kiɗa ya rufa mata asiri. Amma kwana biyun nan Anti ba ta yarda da ko inuwarta ba.

"Injiniya, jikokin nan naka biyu, wace makaranta suke?"

Hannunsa ya tsaya.

"Anti."

"Tambaya na yi."

"Wadda ke bayan layinmu. A ƙafa suke zuwa, in kin ga dama in kawo miki takalmansu ki ga yadda suka cinye." Ya mayar da tabarau, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara sha tara, yau ni kike yi wa wannan tambayar."

Kunya ta kama ta, amma ba ta ba shi haƙuri ba. Anti ba ta iya ba da haƙuri da safe ba, wani lokacin ma har yamma.

"Manaja na nemanki tun ɗazu," ya ce, ya koma kan kebur ɗinsa.

*

Har ƙofa Manaja ya taso ya tarbe ta, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ba shi ofishin. Ita ta koya masa karanta labarai, lokacin da yake haɗiye ƙarshen kalma don tsoro. Yau har kujera ya ja mata. Kafin ya zauna ya rufe kwamfutarsa a hankali, wai don kada ta lura.

Ta lura.

"Anti, na san ranki a ɓace yake. Nawa ma haka. Amma na gama bincike."

"Da wuri haka?"

"Ai abin a fili yake." Ya turo mata takarda. "Ta sallamar Edita ce. Ke ce shugabar shirin, sai da hannunki. Nan ƙasa. Da yamma ki karanta sanarwa cewa kuskuren wata ma'aikaciya ne, an ɗauki mataki. Shi ke nan, magana ta ƙare."

Anti ta zaro biro daga jaka. Gaskiya hannunta ƙaiƙayi yake yi. Tun ranar da yarinyar nan ta zo da digirinta, abin sauraro na sawa a kunne rataye a wuya, tana cewa yanzu mutane ba sa jiran ƙarfe huɗu su kunna rediyo, Anti ta ji ba ta kwanta mata ba. Ga kuma abin da aka kawo mata jiya: an ji Edita a baranda tana cewa, "In ni ce uwar yaran, zan so in sani." Me kuma ake nema?

Amma biron ya ƙi sauka. Saurin Manaja ne ya tsaya mata a rai. Mutumin da ke wata uku kafin ya yarda a sayo batir, yau shi ne ya gama bincike a kwana ɗaya.

"Kira ta."

"Wa?"

"Wadda za a kora. Ban taɓa yanke wa mai bugo waya hukunci ban ji ta bakinsa ba. Ba zan fara da ta cikin gida ba."

"Anti, babu amfani. Kuka kawai za ta zo ta yi mana."

"Jin kuka sana'ata ce. Kira ta."

Bai kai ga ɗaga waya ba aka ƙwanƙwasa. Edita ce, ba ta jira izini ba. Idonta ya kumbura amma a bushe yake. Akwai wata takarda a ninke a hannunta.

"Yallaɓai, an ce in kwashe kayana. Na ce sai na ga Anti."

"Ga ni," in ji Anti. "Rufe ƙofa. Ke kika ce in ke ce uwar yaran za ki so ki sani?"

"Ni ce."

"Shi ya sa kika bar hirar?"

"Na faɗa, kuma har yanzu haka nake gani. Mutum ba ya gani sosai, yana ɗaukar yara talatin safe da rana. Amma ba ni na ɗora ba."

"Wa ke ɗorawa in ba ke ba?"

"Sati uku ke nan ban taɓa shirinki ba, Anti."

Anti ta juya ta kalli Manaja. Manaja ya kalli fanka.

"Ban gane ba."

Edita ta warware takardar hannunta ta shimfiɗa a kan ta sallamar. Anti ba ta buƙaci tabarau ba. Rubutunta ne, da jan biron da take gyara wa 'yan labarai aiki, shi ne ma a hannunta yanzu.

"Daga yau kada wanda ya ƙara taɓa min shiri. A ɗora shi yadda ya fito, ko tari na yi a bar min abina."

Ta tuna ranar. An kawo mata gulma cewa shirinta na awa ɗaya ya koma minti arba'in da takwas a waya. Ta tare yarinyar a tsakiyar ɗakin labarai, gaban kowa, ta ce tun ba a haife ki ba nake bayan makirufo, wace ce ke da za ki sace min minti sha biyu? Sau uku Edita na buɗe baki, sau uku Anti na ɗaga mata hannu. Injiniya yana hutu a satin, da wataƙila ya tsoma baki.

"Anti, hutu nawa kike tafiya a shiri?" Edita ta tambaya.

"Uku."

"Minti nawa-nawa?"

Huɗu-huɗu. Ko ɗan firamare ya iya wannan lissafin.

"Su ne minti sha biyun. Ban taɓa cire miki kalma ɗaya da ta fita a iska ba. Abin da kike faɗa fitila a mace nake cirewa."

"Da kin faɗa min!"

"Kin ce in na ƙara buɗe baki sai na bar gidan nan. Na tura miki saƙo a ranar."

"Ban ga saƙo ba."

"Yana nan. Ba ki buɗe ba."

Anti ta ciro waya. Ta yi ta gangarawa, ta wuce saƙon dangi, na tela, na masu gaisuwar safe da furanni. Can ƙasa ta ga lambar da ta ajiye da sunan "Yarinyar Manaja". Saƙon murya ne, sakan arba'in, ya yi sati uku yana jiran ta. Ta so ta mayar da wayar jaka. Ta danna.

"Anti, don Allah ki yi haƙuri, ki saurare ni ko sau ɗaya. Abin da nake yankewa hirarki ce ta lokacin talla. Na'urar tana ɗauka. In aka ɗora yadda kika ce, duk wanda kika yi wa magana a asirce duniya za ta ji. Don Allah ki janye takardar."



Ni kam da na zo nan sai da na tausaya wa Anti. Kwana biyu tana bin ofis-ofis tana farautar maci amana, har ta tozarta dattijon da bai ji ba bai gani ba. Ashe tun farko tare take yawo da shi.

Amma ku kun san ta. Ko ƙasa ta faɗi, sai ta duba wa ya sa mata ƙafa.

"In ba ke ke ɗorawa ba, wa ke yi?"

"Na'ura. Yallaɓai ya sa aka saita ta, in an gama shiri, washegari da asuba ta ɗora da kanta. Ya canza kalmar sirri, ya mayar da ni yanka labarai."

"Umarninki na bi, Anti," Manaja ya ce da sauri.

"Ta gaya maka abin da zai faru?"



"Na gaya masa a ranar," in ji Edita. "Na sake gaya masa da shirin farko ya fita, ana jin ki kina yi wa Injiniya faɗa wai shayinki ya huce. Allah ya rufa asiri, a shiri biyun nan ba ki riƙe kowa a layi lokacin hutu ba. Ya ce in bari. Jiya ƙarfe bakwai da rabi na tsaya a nan, na ce a sauke na direban. Ba a sauke ba sai ƙarfe biyu."

Anti ta nuna kwamfutar da biro.

"Buɗe."

"Anti, wannan ofishina ne."

"Na sani. Ina nan aka yi masa fenti. Buɗe."

Ya buɗe. Shafin fodkas ne a fuskar. Layin da ke nuna yawan masu saurare ya yi wata huɗu a kwance kamar mara lafiya, a sati ukun ƙarshe ya miƙe tsaye. A ƙasa ga maganganun mutane. "Hirar bayan fage ta fi shirin daɗi." "Ashe haka Anti take in ta ɗauka ba a jin ta." "Don Allah kada ku yanke mana." Wasu ma da kansa Manaja ya ba su amsa: "Mun gode, ku ci gaba da bibiya."

Sai ta tuna 'yar ƙanwarta da ta ce mata, "Anti, shirinki na waya yanzu ya fi daɗi," har ta ji kanta ya fasu. Ita ko sau ɗaya ba ta taɓa sauraron abin ba. Gani take raini ne, mai shiri ta koma jin shirinta a waya.

Manaja ya jingina da kujera. Da ya ga babu wajen ɓuya, sai ya daina kallon fanka.

"Tunda an zo nan, bari in faɗa miki gaskiya. 'Ya'yana huɗu, babu wanda ya san inda ake murɗa tasha. Rediyon gidana mai gadi na ba. Masu jin ki a iska tsufa suke yi, Anti, kowane sati mu ke karanta sanarwar rasuwarsu. Wata huɗu muna ɗora shiri tsaf-tsaf, mutum ɗari uku ke ji. Da aka bar hutun talla, dubu tara. Na direban, dubu arba'in kafin sha biyu. Masu gidan nan rufe mu suke son yi. In na sauke tun bakwai da rabi, me zan nuna musu?"

"Sai ka nuna musu mutumin."

"Ban san za a kore shi ba."

"Ka sani. Ka dai ɗauka ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba."

"To yanzu me kike so?" Ya buga yatsa a kan takardun biyu. "In ba ita ba, ke ce. Rubutunki ne, jan bironki ne. Ki hau iska ki ce ke ce, wa zai ƙara bugo miki waya ya faɗi sirrinsa? Shekara ashirin da shida, Anti. Ita yarinya ce, gobe za ta sami wani aikin. Ke ina za ki?"

Ba zan ɓoye muku ba, Anti ta yi tunanin. Ta hango Talata mai zuwa, ƙarfe huɗu, tana zaune a situdiyo ta ce layi a buɗe yake, wayoyi shida su yi shiru. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ranarta ta farko. Edita ba ta roƙe ta ba, ba ta yi kukan da aka yi alkawari ba. Tsaye kawai take tana kallon bakin biron.

Anti ta rufe biron ta jefa a jaka. Ta zare takardar sallamar daga ƙasa, ta ninke ta huɗu, ta miƙa wa Manaja.

"Ajiye. Bayanta fari ne, wata rana za ka rubuta taka."

Ta juya wajen Edita.

"Ke kuma..." Ban haƙurin ya ƙi zuwa. Ta sake gwadawa. "Mayar da kayanki."

Iyakar abin da ya iya fitowa ke nan, Edita kuma ta gane.

"Da yamma zan faɗa wa duniya," in ji Anti. "Amma direban zan fara faɗa wa."

Ta zaro takardar shirin Talata. A bayanta ne tun ranar ta rubuta lambar direban, da sunan likitan idon da ba ta kai ga kira ba. Tun jiya take ɗauko takardar tana mayarwa, so take ta kira shi da mai laifi a hannu. To ga shi ta samu. Ta danna lambar, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ta ajiye ta a tsakiyar teburin Manaja.

Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗaga. Muryar mace ce.

"Salamu alaikum," in ji Anti. "Don Allah mai wayar nake nema."



"Anti ce," matar ta ce. "Shekara goma sha ina girki da muryarki, ba sai kin faɗa ba."

"Ni ce, 'yar'uwa. Na kira ne in..."

"Ni ban san idonsa ya taɓu ba, Anti. Shekara ashirin da biyu muna ɗaki ɗaya, a wayar maƙwabciya na ji. Ya faɗa miki abin da bai faɗa min ba, don kin ce babu mai ji."

Anti ta runtse ido.

"Laifina ne. Ba shi wayar in faɗa masa da bakina."

"Ba ya nan. Wayar ya bar min, tun jiya masu kira sun hana ta hutawa."

"Ina ya tafi?"

"Au, ba ki gan shi ba?" Muryar matar ta canza. "Wajenki ya ce za shi. Motar ƙaninsa ya karɓa. Na riƙe masa riga, ya fizge. Ya ce da kansa zai tuƙo har ƙofar gidan rediyo, ki fito ki gani da idonki in makaho ne, ki faɗa wa duniya kamar yadda kika faɗi wancan."

Su uku suka ɗaga kai suka kalli agogon bango. Sha ɗaya da kwata.

"Ƙarfe nawa ya fita?" Anti ta tambaya.

"Bakwai. Daga nan zuwa wajenku ko da cunkoso ai ba ya kai minti talatin."

Aka ji wani abu ya faɗi daga hannun matar, kamar murfin tukunya.

"Anti? Anti, bai iso ba?"